Mamane da ƙasar Gondwana: habaici ne, tsoro ne, ko aikin Faransa?

Mamane, ɗan barkwancin Nijar da ke magana a gidan rediyon RFI, namu ne ko na Faransa? Tun da hukumomin soja suka katse RFI da France 24 a Nijar ranar 3 ga Agusta 2023, wannan tambaya ba ta daina dawowa a fadarmu ta Bukoki ba. Da zarar wani ya buɗe waya, muryar mutumin ta fito tana ba da labarin “Jamhuriyar Gondwana mai dimokuraɗiyya ƙwarai da gaske”, sai fada ta rabu biyu. Wasu su ce ɗan ƙasa ne da ya fito da sunan Nijar a duniya. Wasu su ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, wanda gidan rediyon Faransa ya ba makirufo ba zai taɓa zama namu ba. Akwai kuma na uku, wani ƙanenmu mai tuƙa kabu-kabu, da kullum maganarsa ɗaya ce: “Yaya, in dai namiji ne, ya kama suna mana! Wace ce Gondwana?”

Na lura yawancin masu wannan gardama sun san muryarsa amma ba su san tarihinsa ba, kuma ana cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a raba: mutumin, sana'arsa, da gidan da yake magana a ciki.

Daga Agadas zuwa zaman marar takarda

Sunansa na yanka Mohamed Mustapha, an haife shi a Agadas a 1966. Mahaifinsa ma'aikacin jakadanci ne, saboda haka yarintarsa a kan hanya ta ƙare: Kwaddibuwa, Kamaru, Najeriya. Yaron da ya tashi haka kunnensa kan buɗe da wuri. Ya ji yadda ɗan Abijan ke lanƙwasa Faransanci, ya ji na ɗan Yawunde, ya kuma ga cewa ɗan sandan da ke tsare mota a kan titi halinsa ɗaya ne ko wace tuta ke kaɗawa a bayansa.

Karatun kimiyya ya yi. A farkon shekarun 1990 ya tafi Faransa, birnin Montpellier, don zurfafa ilimi kan yadda tsirrai ke rayuwa. Can al'amura suka juya masa, takardun zamansa suka ƙare, ya shiga sahun baƙin da ba su da izinin zama. Duk wanda yake da ɗan'uwa a Turai ko a Aljeriya ya san ma'anar wannan: ka hango kakin ɗan sanda ka sauya hanya, ka yi aiki ba ka da bakin neman haƙƙinka. A cikin wannan hali ya faɗa wasan kwaikwayo, daga nan ya soma hawa dandamali shi kaɗai yana ba mutane dariya da abin da ya gani da idonsa.

Ƙofa ta buɗe masa sosai a 2006, shekarar da ya shiga rukunin farko na Jamel Comedy Club, shirin talabijin da Jamel Debbouze ya kafa don fito da sababbin ƴan barkwanci, yawancinsu ƴaƴan baƙi. Ya yi aiki da Laurent Ruquier, wani sanannen mai gabatar da shirye-shirye, a rediyo da talabijin na Faransa. Da ya so, da nan ya tsaya, ya zama baƙin mutum guda da ake gayyata don ya ba Turawa dariya da labarin Afirka. A 2009 ya koma RFI, inda masu sauraronsa suka zama mutanen Yamai da Bamako da Kinshasa, wato mutanen da labarin ya shafa.

Me ya sa ake ce masa marubuci?

A nan ne rashin fahimta na farko yake. A wurinmu in an ce mutum mai ban dariya ne, abin da ke zuwa a rai shi ne mai baiwar baki, wanda zai zauna a gidan biki ya sa mutane su riƙe ciki ba tare da ya shirya komai ba. Muna da irinsu tun kaka da kakanni: ƴan kama masu wa'azin tuwo da miya, ƴan gambara, wawan sarki da ke faɗa wa sarki abin da waziri ba zai iya ba.

Aikin Mamane ya bi ta wata hanya dabam. Abin da ake ji a rediyo na ƴan mintoci rubutacce ne daga farko har ƙarshe. Sai ya bi labaran duniya na ranar, ya zaɓi guda, ya ɗauke shi ya kai Gondwana, ya sassaƙa jimlolin har kowace ta faɗi daidai inda yake so. Gobe kuma a sake sabo. Wanda ke yin haka a ranakun aiki, rubutunsa na shekara guda ya doshi ɗari biyu, shi kuwa ya yi fiye da shekara goma a kai. Fim ɗinsa na 2017, *Bienvenue au Gondwana*, shi ya rubuta shi, shi ya ba da umarni. Wasansa na dandamali da aka fi sani sunansa *Mamane malmène les mots*, wato Mamane na wahalar da kalmomi, kuma sunan ya faɗi gaskiyar sana'ar: kalma ce kayan aikinsa, kamar yadda fata take ga baduku.

Ina jaddada wannan ne domin yaranmu da ke ɗaukar bidiyon barkwanci da waya suna zaton abin duk fuska ce da murya. Bidiyo uku na farko kan yi daɗi, na huɗu sai a ga an koma maimaita abu guda, a sa rigar mata, a zagi mai ƙiba. Abin da ya ƙare musu shi ne rubutu.

Zambo, habaici, da asalin Gondwana

Bahaushe ya raba zambo da habaici. Zambo a fili yake, ana kama mutum a siffanta muninsa. Habaici kuwa ba ya kama suna. A jefa magana a tsakiyar taro, mai ita ya ɗauki abarsa. Shi ya sa ake cewa kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Gondwana habaici ce da aka gina mata ƙasa sukutum, da babban birni, da ministoci, da ƴan adawa, da talaka, da shugaba wanda ba a kiran sa sai da laƙabin Shugaba-Mai-Kafa-Ƙasa.

Sunan ma ba ƙirƙirarsa ba ne. Masana ilimin duwatsu ne ke kiran wata tsohuwar babbar nahiya da Gondwana, wadda ta haɗa Afirka da Kudancin Amurka da Indiya da Ostireliya da Antatika da yankin Larabawa a dunƙule guda, kafin ta soma tsattsagewa kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce. Ɗalibin kimiyya ne ya tuno da wannan suna. Ya dace da bukatarsa, domin ƙasa ce da ba ta cikin taswira, ba ta da jakadan da zai kai ƙara, amma kowa yana iya cewa ƙasarsa a cikinta take.

Shi kuma “ƙwarai da gaske” ɗin da aka liƙa wa dimokuraɗiyyar, tarihi gare shi. Bayan jawabin shugaban Faransa Mitterrand a La Baule a 1990, wanda ya ɗaura taimako a kan buɗe fagen siyasa, da kuma matsin ƴan makaranta da ƙungiyoyin ƙwadago a cikin gida, ƙasashe da yawa suka rungumi jam'iyyu barkatai. Mu ma mun yi babban taron ƙasa a 1991. Aka samu akwatin zaɓe, da hukumar zaɓe, da kotun tsarin mulki, da ƴan kallo daga waje. A wurare da dama kayan sun cika, amma wanda ke kan kujera bai motsa ba. Sabuwar dabara ta zama a taɓa tsarin mulki a cire iyakar wa'adi. Kamaru ta yi haka a 2008. Mu kuma a shekarar da Mamane ya buɗe Gondwana a RFI, 2009, ita ce shekarar tazarce: Tandja Mamadu ya rusa majalisar dokoki da kotun tsarin mulki, ya kira ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta, sojoji suka kifar da shi a Fabrairun 2010. Wanda ya zauna a Yamai a wannan lokaci bai bukaci a yi masa fassarar Gondwana ba. Na tuna ana kunna rediyo a shagon mai gyaran babur da safe, a yi tsit, in ya gama a fashe da dariya, wani ya ce wallahi da mu yake. A daidai wannan sa'a ɗan Lome da ɗan Libarbil su ma suna rantsuwa da su ake.

Wannan ita ce amsata ga ƙanenmu mai kabu-kabu. Da Mamane ya kama sunan shugaba guda, da maganar ta tsaya a ƙasa guda, magoya bayan shugaban su ce an saye shi, ƴan adawa su yi tafi, bayan mako guda a manta. Da ya ƙi kama suna, sai abin da ake tuhuma ya zama halin, kuma hali ba ya sauka daga mulki ranar da mutum ya sauka. Ɗan adawar da ya yi dariya bara, bana in ya hau kujera ya soma irin aikin, rigar da aka ɗinka wa wancan ita za ta shige shi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ba na musun cewa akwai kariyar kai a ciki. Akwai. Amma kariyar da ke barin mai magana ya sake magana gobe ba abin kunya ba ce a al'adarmu. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Zabarmawa da Buzaye, ko Gobirawa da Zabarmawa, a kan wannan ƙa'ida yake tafiya: ana faɗa maka magana mai ɗaci a cikin rigar wasa, kai kuma ba ka da ikon yin fushi. UNESCO ta sa wannan taubasantaka ta Nijar cikin jerin al'adun duniya a 2014. A Damagaram kuma an daɗe ana wasan kara, inda matasa ke kwaikwayon masu mulki a gaban masu mulkin. Mamane da Faransanci yake aiki, amma ƙirar da yake yi ta gidanmu ce.

Maganar ladan kuturu

Masu cewa na Faransa ne suna da hujjar da ba za a share ba. RFI gidan rediyon gwamnatin Faransa ne, da kuɗin jama'ar Faransa yake tafiya. Tashar talabijin ta Canal+, inda ake nuna shirinsa *Le Parlement du rire*, wato majalisar dariya, tun 2016, kamfanin Faransa ne. Suna tambaya: me ya sa kullum shugaban Afirka ne abin dariya, a gidan waɗanda suka daɗe suna ɗaure wa irin waɗannan shugabanni gindi? Ba wannan ne hoton da Bature ke son gani ba, baƙar fata da ba ta iya mulkin kanta? A lokacin da Mali ta rufe RFI a Maris 2022, Burkina Faso a Disamban shekarar, mu a 2023, duk wata murya da ke fitowa daga can sai da zargi ya shafe ta.

Sai dai wanda ya saurare shi da kyau ya san Gondwana ba ta tsaya ita kaɗai ba. Kullum akwai manyan ƙasashen waje a gefenta, masu ba da bashi, masu sayen ma'adinai, masu taya murna bayan zaɓen da kowa ya san yadda aka yi shi. Fim ɗin 2017 ma a kan wannan aka gina shi: wani saurayi Bafaranshe mai kyakkyawar niyya aka tura cikin tawagar ƴan kallon zaɓe, ya tarar an riga an gama lissafi, kuma manyan tawagar ba su zo don su hana ba. Bulalar ta sauka a kan mai maguɗi da mai sa masa hannu baki ɗaya.

Tambayar da nake yi wa abokan gardamata ita ce: a wace tasha ta gwamnati, a wace ƙasa tamu, za a bar mutum ya yi shekara goma yana yi wa mai mulki habaici kowace safiya? Ya je can ne domin a can aka ba shi fili. Wannan ya fi zama abin tuhuma a kanmu.

Akwai wata suka da ta fi wannan nauyi a wurina, kuma ba a cika yin ta a fada ba. Dariya kan huce zuciya. Mutum ya kwana babu wuta, ya tashi ya ji an yi wa kamfanin wutar Gondwana ba'a, ya yi dariya, ya ji sanyi, ya fita nema. Ministan ma a cikin motarsa ya ji, ya yi dariya, ya ce da na maƙwabta ake. Habaicin da ya dace da kowa yana iya zama wanda bai kama kowa ba. Har ma kalmar ta shiga bakinmu ta wata fuska mai ban tsoro: a ga an yi rashin gaskiya a ofis, a ɗaga kafaɗa a ce ai Gondwana muke, kamar an ce ƙaddara ce. Ban ɗora wa Mamane laifin wannan ba, amma iyakar makaminsa ke nan, kuma masoyansa ya kamata su yarda da ita.

Me ya kai shi Abijan?

Wasu na jin haushin cewa kamfaninsa, Gondwana City Productions, a Abijan ya yi ƙarfi, can yake shirya bikin *Abidjan capitale du rire* tun 2015, can aka ɗauki fim ɗinsa, kuma manyan abokan aikinsa Michel Gohou da Digbeu Cravate ƴan Kwaddibuwa ne, Charlotte Ntamack kuma ƴar Kamaru. Dalilin a fili yake. Barkwanci na dandamali yana bukatar zaure, da mutanen da za su sayi tikiti, da kamfanonin da za su sa talla. Abijan tana da su, kuma Faransanci can harshen kasuwa ne da titi. A Yamai ka cika zauren Umaru Ganda da masu biyan kuɗin shiga don kallon mutum guda yana magana, aiki ne ja.

Abin da ya yi da wannan dama shi ya fi burge ni a duk tarihinsa. Shirin majalisar dariya ya zama gadar da matasan ƴan barkwanci daga ƙasashe da yawa suka taka aka san su, aka biya su, iyayensu suka daina cewa zaman banza suke yi. Ya kawo bikin ba da kyaututtukan barkwancin Afirka nan Yamai, ya sha bayyana burinsa na gina makarantar koyon wannan sana'a a Nijar, kuma Hukumar Yanayi ta Yankin Sahel ta naɗa shi jakadanta, abin da ya mayar da shi ga bishiyoyin da ya soma karanta a jami'a.

Abin da ya shafi talaka: wa ke jin dariyar?

Da hutun Babbar Salla na je Tawa, na zauna da kawuna a ƙofar gida bayan la'asar. Na kunna wani tsohon shirin Mamane a waya, ina dariya ni kaɗai. Ya dube ni ya ce, “Kai ɗana, mi ya ce haka da daɗi?” Na ce, “Kawu, wai wani shugaba ne da ba ya son sauka.” Ya jira sauran. Na soma fassara, na tarar abin dariyar duk a cikin kalma guda ta Faransanci yake, mai ma'ana biyu, kuma da na juya ta Hausa sai ta mutu a hannuna. Kawu ya gyaɗa kai ya ce, “To, Allah shi kyauta,” ya ci gaba da jan carbinsa. Mutumin nan ya ga Diori, ya ga Kunce, ya ga duk juyin mulkin da aka yi tun 1974. Babu wanda ya fi shi cancantar wannan dariya, kuma ba ta iso gare shi ba.

Nan ne ainihin giɓin yake a ganina, ya fi maganar wa ke biyan albashi. Yawancin ƴan Nijar ba sa rayuwa cikin Faransanci. Gondwana ta zagaye Afirka, amma a gida ta tsaya a wurin ƴan lakwal da ma'aikata. Su Yazi Dogo da suka yi wasan kwaikwayo da Hausa a rediyo da talabijin na ƙasa sun shiga gidajen da Mamane bai taɓa shiga ba, ko da yake sunansu bai kai Kinshasa ba.

Abubuwa biyu sun sauya a ƴan shekarun nan, kuma dukansu sun taɓa wannan sana'a. Kundin mulkin da hukumomin soja suka kafa a Maris 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. A ɗaya gefen, gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet a Yunin 2024 ya dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta hanyar waya da kwamfuta. Saurayin da ke shirya barkwanci a TikTok ko Facebook daga Tawa ko Maraɗi yau yana da masu kallo da yawa fiye da da, yana kuma da dalilin auna kowace kalma fiye da da. In ya kama suna, yana iya kwana a hannun hukuma. In ya tsorata gaba ɗaya, sai ya koma kan abin da ba shi da haɗari, wato ba'a ga mata da ƙauyawa da masu naƙasa, waɗanda ba su da ikon rama wa.

Hanyar da ke tsakanin waɗannan biyu ita ce wadda Mamane ya daɗe yana bi, kuma ana iya koyon ta: ka ƙirƙiri gari, ka ba shi hakimi da ɗan kwangila da malamin asibiti da mai awon hatsi, ka zauna ka rubuta kafin ka kunna kyamara. Hausa ba ta rasa kayan wannan aiki ba, harshen da ke da karin magana da zaurance da habaicin kishiyoyi. Na faɗa wa ƙanenmu mai kabu-kabu haka a fada, domin shi ma yana ɗan taɓa bidiyo da abokansa. Ya yi shiru yana juya kofin shayi, can ya ce, “To Yaya, garin wane suna za mu sa masa?” Har aka kira sallar isha'i ana kawo sunaye, kowane aka faɗa sai wani ya ce a'a, akwai gari mai wannan suna a jiharsu.